Na haɗa mota da hannuna amma lambar injin ta ƙi karantuwa, ya zan yi da maganar rijista?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara don abin nan ya tsaya min a rai sosai. Ni mai walda ne a nan Kano, wajen shekara biyu da rabi kenan ina haɗa wata 'yar ƙaramar mota a garejina, irin buɗaɗɗiyar nan mai kujera biyu da ɗan wurin kaya a baya, firam ɗin da fayif na yi shi ni da yarana, ƙafafuwan gaba da sitiyari da birki da giyabos na ciro su daga wata Golf 3 da ta yi hatsari wacce na saya a wajen 'yan gwangwan, injin kuma daban na siyo shi a Ƙofar Ruwa, ɗan Beljiyam ne 1.8 mai filogi huɗu. Alhamdulillahi mota ta tashi, tana tafiya lafiya ƙalau, mun gwada ta a fili ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, fenti ma an yi.

To matsalar ita ce da na zo cike fom ɗin rijista akwai gurbin lambar injin, na dawo na duƙa da tocila ina nema, wurin da aka ce min lambar take wato gaban bulok ta ɓangaren lagireto, ƙasa kaɗan da inda top ya zauna, wallahi tsatsa ta cinye wurin ya yi ja ya yi ƙuraje-ƙuraje, abin da nake iya gani kamar harafin A ne a farko sai wata lamba ɗaya can a ƙarshe, tsakiyar duk babu. Kuma laifina ne wani ɓangaren don injin ya yi damina guda a ajiye a waje da buhu kawai na rufe shi kafin in gama firam. Rasit ɗin da aka ba ni lokacin da na saya an rubuta "injin Golf 3 guda ɗaya" da kuɗin da kwanan wata, ba a sa lamba ba, ni ma a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Akwai wata lamba kuma a gefen bulok ɗin da ta fito ɓaro-ɓaro, mai tudu, ita ana karanta ta tas, wani ya ce min in rubuta ita kawai ba wanda zai gane. Ni dai hankalina bai kwanta ba shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna. Motar nan gumina ce, ba na so ranar da na fito da ita titi a ce an kama ni da kayan sata. Na gode.

DanKurna_01:

Wslm, malam ai wannan ba wani abu bane da zaka ɗaga hankalinka, akwai masu ƙarfen buga lamba, ka sa a goge wurin da injin gurza ya yi sumul sannan a buga maka wasu lambobin, minti goma an gama, ka shafa baƙin mai a kai ya yi kamar tsoho. Waye zai duƙa ƙarƙashin bonet yana ƙirga lamba a wannan zafin.

Usta_Fanteka:

Wa'alaikumus salam. Baban Ilham da farko Allah ya sanya albarka a wannan aiki, haɗa mota daga fayif ba ƙaramin abu bane, mu da muke cikin ƙarfe mun san wahalar.

Amma dan girman Allah kada ka bi shawarar ɗan uwanmu na sama, ɗan Kurna ka yi haƙuri ba wai na raina maganarka bane, abin ne yake da haɗari. Yanzu a halin da kake ciki kai mutum ne mai tsohon inji da tsatsa ta ci, kowa ya kalla ya san tsatsa ce, amma daga ranar da dutsen gurza ya taɓa wurin nan ka koma mutumin da ya goge lambar inji, kuma a idon jami'i ba mai goge lambar inji sai wanda yake ɓoye wani abu. Ga shi bugun hannu ba ya taɓa kama da na kamfani, lambobin sai ka ga wata ta hau wata ta sauka, wata ta nitse wata ta tsaya a sama, siffar 4 da 7 ɗin ma daban take da ta Jamus, wanda ya saba dubawa kallo ɗaya zai yi ya gane. Shekarata sama da ashirin a kan Golf da Passat, na ga mutane sun rasa mota sukutum a kan abin da bai kai wannan ba.

Ita kuma lambar mai tudu da kake gani a gefe, wannan ba lambar injinka bace, lambar zubi ce, tun daga maƙera aka zubo ta tare da bulok ɗin, in ka duba zaka ga uku-uku-uku take da 103 a tsakiya, irin lambar kayan gyara ta Volkswagen, dubban injina ne suke ɗauke da ita iri ɗaya sak. In ka rubuta ta ka rubuta ƙarya a takardar gwamnati ba tare da ka sani ba. Lambar gaskiya ita ce wacce aka buga ta nitse cikin ƙarfe a kan ɗan shafaffen wurin nan da ka faɗa, a Golf 3 harafi uku ne sai lambobi shida, tunda ka ce 1.8 ne kuma ka ga A a farko to ina kyautata zaton ko AAM ne ko ABS ko ADZ, su ne suka cika kasuwa.

Kuma kada ka ɗora wa kanka laifin duka, wurin nan dama can yana yawan ruɓewa saboda akwai wata 'yar roba ta ruwa a jikin top daidai samansa, in ta tsufa sai ta dinga ɗiga kaɗan-kaɗan a kan lambar shekara da shekaru, ga gishirin da turawa suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yawanci tun daga can suke zuwa da ciwonsu, daminar ka dai ta ƙarasa.

Abin da zaka yi, kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da wayarka yadda yake yanzu, na kusa da na nesa wanda zai nuna injin a cikin motar. Sannan ka cire abin da ya tare maka hanya, ka jiƙa tsumma da kananzir ka ɗora a wurin ya kwana, da safe ka bi shi da tsohon burushin haƙori, in bai isa ba ka nemo burushin waya mai laushi irin ruwan ɗorawar nan na tagulla, da hannu fa, banda wanda ake ɗaurawa a injin. Haka zaka yi ta yi kwana biyu kwana uku, ba aikin gaggawa bane. In ƙurajen sun kwanta sai ka sa sanfefa mafi laushi ka naɗe ta a ɗan katako mai faɗi don ta ci saman kawai kada ta shiga ramin lambar, ka shafa sau kaɗan ka tsaya ka duba. Bayan nan ka goga alli a wurin ka share da tafin hannu, allin zai maƙale a ramukan. Kuma kada ka duba da rana tsaka, ka bari sai bayan magariba ka kwantar da tocila a gefe hasken ya bi ta kwance, inuwar ce take fito da lamba, sau da yawa abin da ido bai gani ba kyamarar waya tana kamawa in ka zuƙo hoton. Wasu kuma suna ɗora farar takarda su goga fensir a kai ko su danna takardar gwangwanin nan ta cikin kwalin sigari da ɗan yatsa, duk ka gwada.

Abu na ƙarshe, duba murfin taimin bel na sama, baƙin robar nan, kamfani yana liƙa farar sitika a jiki mai ɗauke da haruffan injin da lambarsa, in ba a canza murfin ba ka huta.

Baban_Ilham:

Usta Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi a raina. Hoton na ɗauka yanzun nan, kananzir ma na jiƙa. Murfin taimin kuwa na tuna na canza shi don ya tsage lokacin da muke ɗora injin, amma ina jin tsohon yana cikin buhun tarkace a bayan gareji, gobe in sha Allahu zan sa yara mu zazzage. Wani abokina kuma yanzu yake ce min in ɗiga ruwan batir a wurin wai nan take zai cinye tsatsar lambar ta fito, ya kuke gani?

Maman_Sultan:

A'a Baban Ilham, dan Allah kada ka sa ruwan batir. Ni malamar kimiyyar haɗa sinadarai ce a sakandare kuma maigidana bakanike ne shi ya sa nake leƙowa nan. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, ɗan abin da ya rage na gefen lambobin shi zai fara lashewa, kuma in ya gangara kan roba ko waya ko ya fantsar maka a ido wata matsalar ce daban. In kananzir bai wadatar ba, ruwan binega na girki ko ruwan lemon tsami sun isa, su a hankali suke ci, ka jiƙa auduga ka manna na wasu awanni ka wanke da ruwa ka busar sosai ka shafa mai don kada sabuwar tsatsa ta hau.

Amma abokin naka akwai inda ya jiyo maganar, gaskiya ne masu binciken kimiyya na 'yan sanda a duniya suna fito da lambar da aka goge ta hanyar asid, har a jikin bindiga. Dalilin shi ne lokacin da aka buga lamba, ba saman ƙarfen kaɗai ne yake lotsawa ba, ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace lamba ma yana matsewa ya canza yanayi zuwa wani ɗan zurfi, to ko an goge saman wannan matsattsen wurin yana nan, in aka goge wurin ya yi sheƙi aka shafa sinadari sai wurin da ya matse ya ci da sauri fiye da kewayensa, lambar ta bayyana kamar inuwa. Haɗin da aka fi sani a jikin ƙarfe sunansa Fry, asid ɗin haidirokulorik ne da gishirin tagulla da ruwa. Matsalar ita ce lambar tana iya fitowa na ɗan lokaci ta ɓace, dole da kyamara a shirye, kuma duk shafawa ɗaya tana cin ƙarfen, in ka wuce zurfin shikenan ta tafi har abada ba mai dawo da ita. Ga shi bulok ɗin Golf ƙarfen zubi ne, shi ya fi wahalar ba da sakamako a kan ƙarfen da aka murza. Akwai wata hanyar ta maganaɗisu da garin ƙarfe wacce ba ta cin komai, ita ma kayan aiki take so.

Shi ya sa nake cewa wannan ba aikin gareji bane, in har ta kai ga haka to hukuma ce ya kamata ta sa a yi kuma a rubuta sakamakon a takarda da sa hannu, in ka yi da kanka ko lambar ta fito wa zai shaida maka, sai ma a ce ka taɓa wurin.

Baba_Tsohon_Maaikaci:

Salamu alaikum. Yaro na karanta bayaninka tun daga farko har ƙarshe sau biyu, na kuma karanta na Usta da na 'yata Maman Sultan, duk sun faɗi gaskiya. Ni na yi aikin duba motoci shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, bari in ƙara maka abin da ban ga kowa ya taɓo ba.

Kai hankalinka yana kan lambar inji, ni kuma da na ji ka ce firam ɗin da fayif ka yi sai na ce to ina lambar casis? A fom ɗin da ka ɗauko ka sake dubawa, gurbin casis yana nan kusa da na inji, kuma shi ne uba. Inji ana canza shi, motar haya nawa ce a garin nan take yawo da injin da ta fito da shi daga kamfani, in an canza sai a sanar da ofishin lasin a gyara takarda, dokar hanya ta 2012 ma ta tanadi hakan. Amma lambar casis ita ce sunan mota na yanka, guda 17 ce haruffa da lambobi a haɗe tun daga 1981, ba a sa harafin I da O da Q a ciki don kada su rikice da 1 da 0, kuma da ita kwamfutar hukumar kiyaye haɗura ta FRSC take rijistar mota a haɗa ta da lambar da za a liƙa maka, da ita inshora suke aiki, da ita 'yan sanda suke duba ko an taɓa kai rahoton sata. Motarka ba ta da ita domin kai ne kamfanin.

Kuma ina roƙonka kada wani ya ce ka yanko lambar Golf ɗin da ka saya a wajen 'yan gwangwan ka yi mata walda a jikin firam ɗinka, na san kai mai walda ne aikin minti biyar ne a wurinka, amma wannan ya fi buga lambar inji muni nesa ba kusa ba. Kwamfuta zata ce Golf 3 ce mai ƙofa huɗu, ido kuma ya ga buɗaɗɗiyar mota ta fayif, me zaka ce? Balle ba ka san tarihin waccan motar ba.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Ka koma wurin wanda ya sayar maka da injin tun yana tuna ka, ka tafi da tsohon rasit, ka roƙe shi ya ba ka takarda a kan takardar shagonsa mai hatimi cewa shi ya sayar maka da inji iri kaza ranar kaza, in lambar ta fito a sa ta, in kuma yana da kwafin takardar kwastan ta kwantenar da kayan suka shigo a ciki ya ba ka hoto, ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar su sa maka hannu a matsayin shaida. Haka zaka yi da mai gwangwan ɗin. Rasit ɗin fayif, na taya, na fitilu, na gilashi in akwai, duk ka tattara a fayil ɗaya, da hotunan aikin tun yana ƙarafa a ƙasa har ya zama mota, na tabbata wayarka cike take da su, ka wanke su a takarda. Sannan ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka faɗi gaskiya tsantsa, ni wane na haɗa mota da kaina, injin na saye shi wuri kaza, lambarsa tsatsa ta ci, abin da ake iya karantawa shi ne kaza da kaza. Kada ka cike gurbin da ba ka gani ba da zato, rantsuwa ce. Da wannan takardar zaka je ofishin 'yan sanda na yankinku su shigar da bayanin a littafi su ba ka kwafin abin da suka rubuta.

Bayan nan sai ka rubuta wasiƙa, rubutacciya fa ba maganar baki ba, zuwa ga shugaban VIO na jiha, ka ce kana neman a duba motar da aka haɗa a gida don a tabbatar da lafiyarta a kuma ba ka umarni a kan lambar casis da ta inji. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Duk lambar da za a buga a jikin motar nan, ta firam ce ko ta inji, ya zama da izininsu a rubuce aka buga. Ka kuma aika irin wannan wasiƙar ga NADDC a Abuja, hukumar da aka ɗora wa bunƙasa ƙira da haɗa motoci a ƙasar nan, irinku ne ya kamata su sani.

Kuma ka shirya, in sun zo dubawa ba lamba kaɗai zasu kalla ba, birki, burkin hannu, fitilun gaba da na baya, sigina, madubi, hon, bel ɗin kujera, yadda ka ɗaure tankin mai da nisansa da salansa, da ƙarfin waldar wurin da ƙafafuwa suka kama firam. Wannan shi ya fi damuna a matsayina na uba, takarda ana gyara ta, amma in walda ta saki a guje ba a gyara rai. In komai ya yi sai maganar inshora, mafi ƙaranci na mota mai zaman kanta ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ka yi na gaske wanda zai fito a kwamfuta.

Zai ɗauki lokaci, ba zan ɓoye maka ba, zaka yi sintiri. Amma wanda ya yi haƙurin shekara biyu da rabi yana lanƙwasa fayif ba zai gaza a nan ba.

Abu_Sumayya_UK:

Slm jama'a, ina bin zancen daga Ingila. Abin da Baba ya faɗa kusan haka tsarin yake a nan, masu haɗa mota a gida suna da yawa sosai kuma abin da hukumar rijistar motoci ta nan, DVLA, take nema shi ne rasit na manyan kayan da hotunan aikin, sannan a kai motar gwajin da suke kira IVA a duba komai har kaifin gefen ƙarfe, in firam ɗin ba shi da lamba DVLA ce take ba ka lambar da za a buga, in kuma ba a iya tabbatar da shekaru ko asalin kayan ba sai a ba motar lambar da ta fara da Q, kowa ya gani ya san haɗi ce kuma halal ce a titi. Ina fata mu ma a samu tsari bayyananne irin wannan a gida don yaranmu masu basira suna da yawa, kullum sai ka ga bidiyon wani ya haɗa mota a Kano ko Maiduguri ko Bauchi an yi ta yabo kwana biyu, daga nan motar ta ƙare a gareji don ba takarda. Shawara ɗaya Baban Ilham, in lambar ta fito kada ka ɗora hotonta a nan ko a Facebook, akwai masu kwafar lambar mutane.

DanKurna_01:

Toh na ji, na janye maganata, gaskiya ban yi tunanin abin ya kai haka ba, ni dai na ga ana yi ne. Usta da Baba na gode da gyara. Baban Ilham ka yafe ni.

Baban_Ilham:

Ba komai ɗan Kurna, ai niyyarka taimako ce, Allah ya bar zumunci.

Jama'a na dawo da labari bayan kwana biyar. Na bi yadda Usta ya ce, kananzir kwana biyu, sannan binega kamar yadda Maman Sultan ta faɗa na rabin yini, na wanke na busar, sanfefa sau huɗu kawai na shafa na tsaya don hannuna har rawa yake. Daren jiya bayan isha'i na kashe fitilar gareji, yarona ya riƙe tocila a kwance ni kuma na goga alli na share, wallahi sai ga ADZ ta fito, D ɗin rabi ce amma ba shakka ita ce, sai lambobi uku na farko suka fito, ta huɗu da ta biyar wurin ya zama rami gaba ɗaya, ta huɗun kamar 3 kamar 8, ta biyar babu komai, ta shida kuma dama ita nake gani tun farko. Na ɗauki hoto ya fi talatin.

Murfin taimin ma mun same shi a ƙasan buhu, sitikar tana nan amma mai ya jiƙa ta ta yi ruwan ƙasa kuma gefen hagu ya yage, haruffan sun tafi, lambobi uku na ƙarshe ne ake gani, kuma ta ƙarshen ta yi daidai da wacce ke jikin bulok, ta huɗun kuma 8 ce a sitikar. Kenan in na haɗa biyun na samu shida cif. Usta, Baba, in rubuta haka a takardar rantsuwar ko kuwa? Mai injin ma na je wurinsa ya gane ni, ya ce in dawo ranar Asabar zai rubuta min takardar, ya ce zai duba min ta kwastan ɗin ma a wurin yayansa da ya shigo da kayan.

Usta_Fanteka:

Masha Allah, aiki ya yi kyau. Shafa giris a wurin yanzu ka bar shi haka kada ka ƙara taɓawa da sanfefa. Murfin kuma ka sa shi a leda ka ɓoye, kada ka wanke sitikar da fetur rubutun zai tafi. Amma ka sani murfi roba ne ana musanya shi tsakanin injina tun a wurin masu kwance motoci a can waje, alamu dai sun nuna nasa ne tunda ta ƙarshe ta dace kuma 8 ɗin ta shiga cikin zatonka, sai dai shaida ce mai taimako kawai, ba ita ce hukunci ba.

Baba_Tsohon_Maaikaci:

Kamar yadda Usta ya ce. A takardar rantsuwa ka rubuta su daban-daban, a jikin bulok ana karanta ADZ da lamba ta ɗaya da ta biyu da ta uku da ta shida, ta huɗu da ta biyar tsatsa ta ci, a kan sitikar murfin da ya zo tare da injin kuma ana karanta lambobi uku na ƙarshe kaza. Jami'in da ya duba shi zai haɗa su ya rubuta a rahotonsa da hannunsa, lambar da ta fito a rahoton ita zaka kai ofishin lasin. Ka tafi da murfin da hotunan ranar dubawa, da tocilarka da allinka ma, don da rana ba lallai ya ga abin da ka gani da dare ba.

Kuma in sun ce ka kawo motar ofis kada ka tuƙa ta a titi ba lamba, ko da nan da can ne, ka nemi babbar mota a ɗora ta, kwafin wasiƙarka mai hatimi yana aljihunka.

Baban_Ilham:

To Baba na gode, Allah ya ƙara girma da lafiya. Akwai maƙocina mai Kanta ya ce zai ɗaukar min ita in ranar ta zo. Wasiƙar zan rubuta yau da dare, in na gama zan turo maka ta akwatin saƙo ka duba min kafin in kai a buga ranar Litinin in sha Allahu.